Takin Barkiya da Ya Daskare a Sito

Talata: Katsina zuwa Dutsin-Ma

Ranar Talata ce a ƙarshen watan Yuni, shekara uku bayan samun mulkin kai. Mun tashi daga Katsina da ƙarfe shida saura kwata na safe, gari bai gama wayewa ba. Mu uku ne a gaban motar: ni da akwatin ɗaukar magana a kan cinyata, da Malam Lawal malamin gona, da direbanmu Mati. Motar ƙarama ce ta ɗaukar kaya, ta ofishin gona.

Abin da ya fito da ni shi ne shirin manoma da nake gabatarwa a rediyo. Malam Lawal ya shawo kan magidanta ashirin da huɗu a wata unguwa ta Barkiya su gwada takin zamani, irin farin nan mai kama da gishiri. Don a ga bambanci sosai, ya roƙe su kowa ya ware gefe guda na gonar geronsa, kada ya kai masa takin gida a shekarar. Suka yarda. Shi kuma ya yi musu alkawarin buhu ɗaya ga kowa ranar Juma'a, kafin su shiga maimai, wato noma na biyu, lokacin da ake tura ƙasa gindin gero ta rufe takin. Idan lokacin ya wuce, gefen nan ya tashi ba na gida, ba na zamani. Buhunan suna sito a Dutsin-Ma tun mako uku da suka wuce. Namu kawai mu ɗauko mu kai, ni kuma in ɗauki muryoyin masu murna.

Mil goma sha ɗaya daga Ƙofar Ƙwaya muka tarar da shingen ruwa. Hanyar ta jar ƙasa ce a lokacin, idan an kwana ana ruwa sai a gitta gora, mota ba ta wucewa sai hanya ta sha iska. Mati ya leƙo ta taga.

"Baba, mu fa ba kaya gare mu. Kamar keke muke."

Mai shingen bai ko tashi daga kan tabarmarsa ba. "Ko keken ne, sai takwas. Jiya wani ya ce mani hakanan, ga motarshi can cikin fadama tana jiran rani."

Da ƙarfe takwas daidai ya ɗaga gorar. Mun shiga Kurfi tara saura minti goma, agogon motar ya nuna mil ashirin da uku. Kurfi ce mahaifar Malam Lawal. Muka ci ƙosai na taro da koko a bakin hanya, ya ce zai gai da mutanen gida idan mun dawo. Sauran mil goma sha biyar sun ci mana awa guda da rabi saboda taɓo.

Siton ɗakin ƙasa ne mai rufin kwano, a gindin dutse. Mai tsaronsa, Baba Nadada, dattijo ne da ya shekara talatin yana ajiyar gyaɗa da hatsi, kuma ba a taɓa jin buhu ɗaya ya ruɓe a hannunsa ba. Ya tarbe mu yana fara'a, makulli a hannu.

"Sannunku da zuwa, Malam. Kayanka na nan lahiya lau, a bushe ƙayau. Na sha wuya kansu, amma ka gani da idonka."

Ya buɗe ƙofa. Buhunan suna jere, shida-shida a kan juna, tsaf. Mati ya kama kunnen na sama zai saɓa, sai ya sake shi ya ja da baya. Buhun bai lanƙwasa ba. Ya ƙwanƙwasa shi da bayan yatsa, muka ji sauti irin na tukunyar da aka gasa.

"Malam, wannan siminti aka ba ku?"

Malam Lawal ya matso. Ya zaro wuƙa ya farke ɗinkin. Ko ƙwaya ɗaya ba ta zubo ba. Ya yaga buhun har ƙasa, ya ɓare shi kamar ana feɗe akuya, sai ga abu fari a tsaye da siffar buhu, har da kunnuwansa biyu, har da zanen saƙar buhun a jikinsa. Mati ya ɗauko ƙarfen cire taya ya maka masa. Ƙarfen ya yi tsalle, ɗan ɓarɓashi ya fallatsa, shi ke nan. Na duba agogona, sha ɗaya saura minti biyar. Sai daga baya na lura hannuna ya riga ya kunna akwatin, bisa sabo.

Muka gwada na biyu, da na uku. Na ƙasa sun fi na sama tauri. Malam Lawal ya juyo a hankali.

"Baba, me aka yi wa kayan nan?"

Fara'ar dattijon ta ɗauke. Ya ce ruwan da aka yi da iska a makon farko ya ɗaga kwano ɗaya, ya feso ciki, daɓen ɗakin kuma ya yi sanyi. Da ya taɓa buhunan ya ji laima, sai ya yi abin da yake yi wa gyaɗa tun yana saurayi. Ya sami 'yan dako, kullum da hantsi su fitar da buhunan su shimfiɗa a kan falalen dutse, rana ta gasa su har la'asar, sannan su mayar su jibge da zafinsu. Kwana biyar a jere.

"Ka ce mani kada su jiƙe, Malam. Abin da ya ji ruwa mi ake yi mashi in ba shanya ba?"

Malam Lawal ya ce a makaranta an koya musu a ajiye taki inda ba laima, amma ba wanda ya taɓa faɗa musu abin da za a yi idan ya riga ya jiƙe. Yana maganar yana ƙirga buhunan da ido, sai ya tsaya.

"Ashirin da uku nake gani."

"E, Malam Ilu ƙanen mai unguwa ya zo da jaki ran Alhamis. Ya ce geronshi ya riga na kowa, ba ya iya jira. Na ba shi guda."

Malam Lawal ya zauna a dokin ƙofa, ya cire hularsa ya riƙe. Babu wani takin a Katsina. Idan aka aika neman sabo, sai gero ya yi bununi bai iso ba.

Mun sauka a gidan baƙi. Matar Baba Nadada ta aiko da tuwon dawa da miyar kuka bayan magariba. Ni da Mati muka ci, Malam Lawal ya sha ruwa kawai.

Laraba: Dutsin-Ma zuwa Kurfi

Shawarar da Malam Lawal ya kwana da ita ita ce a kai buhunan Barkiya yadda suke, kowa ya fasa nasa. Mutum huɗu ke ɗaga ɗaya. Motar ba ta iya ɗaukar duka, sai muka loda goma sha biyu muka tashi da ƙarfe bakwai da kwata. Mun iso Kurfi tara saura kwata, muka tsaya a ƙofar gidan Gwaggo Tasalla, ƙanwar mahaifinsa, don ya gaishe ta. Tsohuwa ce mai sayar da gishiri da kanwa, duk kasuwannin ƙasar an san rumfarta.

Kafin ta fito, wani Bafulatani da ke wucewa da sandarsa a kafaɗa ya hango farin dunƙulen da muka ɓare a bayan mota. Ya matso ya shafa shi.

"Malam, kantun gishirin nan nawa? Shanu na son irinshi."

Ban taɓa jin Malam Lawal ya ɗaga murya ba sai ran nan. "Kai! Ba gishiri ba ne! In saniya ta lasa da yawa mutuwa za ta yi!" Mutumin ya goge hannunsa a riga ya wuce yana waiwaye. Mu uku muka kalli juna. Da an kai abin nan ƙauye an yar da gutsattsarinsa a bakin gona, inda shanu ke bi, ban san abin da za a ce ba.

Gwaggo Tasalla ta fito da carbi a hannu. Bayan gaisuwa ta zagaya motar, ta ɓantari ɗan kaɗan da farce, ta murza tsakanin yatsu. Ba wanda ya faɗa mata komai tukuna.

"Wane ne ya shanya shi cikin buhu?"

Mati ya ce, "Gwaggo, duba kike yi?"

"Duba mi? Shekara arba'in ina wannan sana'a. Lawal, ai sai ka tambaye ni. Karatun naku bai kai nan ba?"

"Bai kai ba, Gwaggo."

Na roƙe ta ta yi bayani a gaban akwatin. Ta ce ita ba ta magana da ƙarfe, amma in ina so in saurara, ga kunne. Na kunna dai a gefe, kuma ga abin da ta ce, a taƙaice. Hatsi ruwa yake sha ya kumbura, rana ta zuƙe ruwan ya koma yadda yake. Gishiri ba haka yake ba. Idan ya ji laima, bayan kowace ƙwaya yakan ɗan narke. Idan rana ta ɗauke ruwan, abin da ya narke sai ya sake daskarewa daidai inda ƙwaya ta taɓa 'yar'uwarta, ya liƙe su. Yana jiƙe ana iya ɗibarsa da hannu, bushewar ce ke ɗaure shi. Kowace fita rana da kowace komawa ɗaki mai sanyi ƙarin ɗauri ce. Nauyin buhu a kan buhu kuma yana matse ƙwayoyin su ƙara haɗuwa, shi ya sa na ƙasa suka fi tauri.

"Kuma garin da ke ciki shi ne munafukin," in ji ta. "Shi ke shiga tsakanin manya ya cike ramuka, shi ke fara narkewa. Gishirina in ban tankaɗe garin na fidda ba, kafin kaka sai da gatari."

Malam Lawal ya faɗa mata shawararsa ta kai wa kowa nasa ya fasa, ya riƙa aunawa da marfin kwalba. Ta dube shi tun daga hula har takalmi.

"Su fasa da mi? Da dutse? Wani ya samu kamar goro, wani kamar ƙwan zabo. Kai da ka ce da marfin kwalba ake auna shi, ƙwan zabo zai shiga marfin kwalba? Sauke su nan."

Da ƙarfe goma aka fara. Mati ya koma Dutsin-Ma ya kwaso sauran goma sha ɗaya, ya zo da Baba Nadada, wanda ya ce ba zai zauna ba alhali shi ya jawo. A sararin bayan gidan, ƙarƙashin tsamiya, maza suka riƙa farfasa dunƙulen da guduma. Gwaggo ta tara dattijai mata tara na unguwar. Ta hana a kawo turmin abinci ko ɗaya, sai tsofaffin da suka tsage aka jingine su. Ta aika wa maƙeri garwar kananzir ya buɗe ta ya huda da ƙusa, ta zama rariya mai manyan ido. Ta sa aka sayo sabuwar rariyar tankaɗe ta sisi, ta ce daga nan ba za ta shiga madafi ba har abada.

Tsarin aikin ba shi da wuya. Abin da aka daka a zuba a garwar. Wanda ya ƙi wucewa dunƙule ne, ya koma turmi. Wanda ya wuce a zuba a ƙaramar rariya. Abin da ya tsaya a kai shi ne tsaki, abin da ya zube ƙasa gari. Tsibi uku ke nan, kuma tsakin ake nema. Idan mai daka ta cika ƙarfi, gari ya yi yawa, sai ka ji muryar Gwaggo.

"Ke Hajo, fura kike dakawa? Sassauta hannu!"

"To Tasalla, ki zo ki karɓa mana, tunda bakinki ya fi hannunki ƙarfi."

Tsakin aka baza shi siriri a kan tabarmi a inuwa, ba a rana ba. Aikin Baba Nadada shi ne ya riƙa motsa shi da kara kada ya zauna wuri ɗaya, ƙwaya ta sami damar kama 'yar'uwarta. Ya yi ta yi har yamma. Sai da tsakin ya sha iska ya huce aka mayar da shi buhu, ba a danna ba, aka ɗora a kan itace, bibbiyu. Garin kuwa Gwaggo ta sa aka gauraya shi da busasshen yashi, mudu da mudu, don kada ya sake kamawa, ta ce shi za a fara zubawa, marfi biyu a maimakon ɗaya.

Ran nan an gama buhu tara. Mun kwana a zauren gidan.

Alhamis: Kurfi zuwa Barkiya

Aka ci gaba da daka tun da hantsi. Da ƙarfe biyu da rabi, bayan azahar, ni da Malam Lawal da Mati muka tafi ganin Malam Ilu. Mil bakwai ne na hanyar daji, muka yi su cikin minti hamsin, sau ɗaya muka sauka muka tura.

Ba mu buƙaci a nuna mana gonar ba. Daga nesa ana ganin gero kore shar ko'ina, sai wani yanki a tsakiya ja, kamar an bi shi da wuta. Muka sauka muka shiga. Ganyen ya ƙone daga baki zuwa gindi, ya nannaɗe. Malam Lawal ya durƙusa ya tona gindi ɗaya da yatsa, ya fito da ragowar dunƙule kamar goro, manne da saiwa. Ya tona na gaba, haka. Kunya goma sha takwas na ƙirga, duk sun tafi. Ni da nake samun abin faɗa a kan komai, na tsaya da akwatina ban kunna ba.

Malam Ilu ya iso tare da wansa mai unguwa da wasu magidanta. Bai miƙa wa Malam Lawal hannu ba.

"Da dutse na fasa shi. Na sa ma kowane gindi guda, yadda nake sa kashin awaki. Aka yi ruwa, kwana biyu ga abin da na gani."

Mai unguwa ya yi magana a hankali, kuma hakan ya fi tsawa ciwo. "Malam Lawal, ka ce mu hana gona taki, mun hana. Mun yarda da kai don mun san ubanka. Ga aikin naka takin. Gobe mi za ka kawo mana?"

"Ranka shi daɗe, laifina ne. Mako uku ban leƙa siton ba, kuma ban zo na nuna yadda ake zubawa ba kafin buhu ya fita. Gobe zan kawo. Wanda ya ga bai yarda ba, ba zan ga laifinsa ba."

Muka juya zuwa Kurfi.

Juma'a: Barkiya, sannan gida

An gama tankaɗe buhu na ƙarshe da ƙarfe sha ɗaya na safe. Mati ya yi sawu biyu da buhunan zuwa Barkiya. Bayan an sauko daga masallaci mutane suka taru a ƙofar mai unguwa, amma nesa da buhunan suka tsaya. Malam Lawal ya shimfiɗa tabarma ya zuba tsibi uku: dunƙule, tsaki, da gari. Ya ɗauki dunƙule ɗaya ya ɗaga.

"Wannan ne ya ƙone gonar Malam Ilu. Gishirin da zai ishi tukunyar miya, in ya haɗu a loma ɗaya, ba mai iya haɗiyewa. Haka gero ya ji."

Sannan ya cika marfin kwalba da tsaki ya juye a tafin hannu, ya sake, ya sake, sau biyar, kowane ɗiba daidai da na baya. Ya ce marfi ɗaya ga kowane gindi, tazarar yatsa huɗu daga karan, a tura ƙasa a rufe. Wani tsoho mai farin gemu ya matso, ya ɗebi tsakin ya bar shi ya zurara ta tsakanin yatsunsa. Ya gangaro kamar gero.

"Wa ya tankaɗe wannan?"

"Gwaggona, Tasalla mai gishiri ta Kurfi."

"Tasalla? Ita ta taɓa shi da hannunta?"

"Kwana uku tana kansa."

Tsohon ya juya wajen mai unguwa. "Shekara talatin ina sayen gishiri wurinta, bai taɓa kama mani ba ko da damina. In ita ta ce ya yi, ni a ba ni nawa." Ya kira ɗansa ya kawo jaki.

Mai unguwa ya karɓa na biyu. Na tsaya ina kallo ana ɗauka ɗaya bayan ɗaya har mutum goma sha shida. Bakwai suka ce sun gode, gara su kwashi ɗan takin da ya rage a turke su kai, ko da ya makara. Malam Ilu bai zo wurin ba. Malam Lawal ya bi mai unguwa gona ya zuba kunya biyu da hannunsa a gaban jama'a, sannan muka yi sallama.

Mun bar Barkiya ƙarfe huɗu da minti goma. A Kurfi muka ajiye buhu bakwai da suka rage a kan itacen Gwaggo, muka sallami Baba Nadada, wanda ya roƙi a bar masa garwar nan mai huda ya tafi da ita. Shingen ruwa a buɗe yake. Mun shiga Katsina ana kiran magariba.

Ina godiya ga Allah da ya kai mu ya dawo da mu lafiya, da Gwaggo Tasalla da dattijan unguwarta da suka ba da kwana uku, da Mati da ya yi hanyar nan sau shida bai yi gunaguni ba sai sau biyar. Shirin ya fita mako biyu bayan haka. Na sa ƙarar ƙarfen Mati a farkonsa, masu saurare da dama suka zaci maƙera na je.

Bayan kaka Malam Lawal ya zo ofishinmu. Ya ce goma sha shidan nan duk sun nemi ƙari, kuma siton Dutsin-Ma yanzu da dandamalin katako a ciki. Malam Ilu dami huɗu ya ɗaure a gefen da ya saba ɗaure goma sha biyu. Malam Lawal ya aika masa da dami takwas daga gonar mahaifinsa a Kurfi. Ya karɓi geron, amma bai sake zuba takin zamani ba har aka yi wa Malam Lawal canjin wurin aiki.